Ƴan aji ɗaya bayan shekara 20: wa ke neman wa?

A ƴan shekarun nan wata al'ada ta samu gindin zama a manyan garuruwanmu. Da an shiga babban hutun lakwal, ko kwana biyu bayan sallar layya lokacin da ma'aikata suke gida, sai ka ga an kafa rumfa cikin filin wata lise, an jera kujeru, magidanta maza da mata sun sha anko, wasu da furfura wasu da goyo, ana tafawa ana kiran juna da sunayen da ko iyalinsu ba su taɓa ji ba. In ka tambaya sai a ce maka ƴan promo ne, wato waɗanda suka zauna aji ɗaya shekara 20 ko 30 da suka wuce. Ana ganin haka a Maraɗi da Damagaram da Tawa, ana kuma ganinsa a Yamai inda aiki ya tara da yawa daga cikinsu.

Abin gwanin sha'awa. Sai dai duk wanda ya tsaya ya ƙirga kujerun zai lura da wani abu: ajin da a da ake zama uku-uku har huɗu-huɗu kan benci ɗaya, yau ƴan kujeru kaɗan sun ishe shi. Waɗanda suka zo galibinsu ma'aikatan buro ne, da malaman lakwal, da likitoci, da masu kaki. Waɗanda ba su zo ba kuwa suna nan cikin gari, wata ma rumfarta ta kasuwa ba ta kai tafiyar minti goma daga wurin taron ba. Shafinmu na yau nasu ne: ɗan kasuwar da ya ajiye kaye ya ɗauki sikeli, da Hajiyar da aure ya fitar daga aji kafin jarabawa.

ABIN DA YA ƊAURE SU TUN FARKO

Kafin yaro ya kai ga BAC a Nijar sai ya share shekara 13 kan benci, in bai maimaita aji ba ke nan: 6 a firamare, 4 a koleji har zuwa BEPC, sannan 3 a lise. Wani tun ajin farko kuke tare har ƙarshe. Akwai ƴan uwa na jini da ba su samu irin wannan zama tare ba.

A da kuma lise ba ta da yawa. Kowace jaha da tata guda da take tinƙaho da ita: Ɗan Baskore a Maraɗi, Amadu Kuran Daga a Damagaram, Agaba a Tawa, Sarauniya Mangu a Doso, Tagama a Agadas, Idrisa Alawma a Difa. A Yamai akwai Isa Korombe wadda a da ake kira Lise Nasiyonal, da Kasai, da Mariyama ta ƴan mata. Ga kuma lise teknik Ɗan Kasawa a Maraɗi mai ɗaukar yara daga ko'ina cikin ƙasa. Kafin a buɗe lise a ƙananan garuruwa, yaron Dakwaro ko Mayayi in ya ci BEPC sai ya ɗauko akwatinsa ya yo Maraɗi, na Magarya da Tanut da Gure su nufi Damagaram, na Madawa da Keita da Buza su yi Tawa.

Yawancinsu gidan mai masauki suke sauka, wani lokaci mutumin da ko dangi ba a haɗa ba, sanayya ce kawai ta uba. Nan ne ake sanin aboki. Wanda ya raba maka garin rogo da ƙuli ranar da ka wuni ba ka ci komai ba, wanda ya ara maka kayensa ka kwafe darasi lokacin da zazzaɓi ya kwantar da kai, wanda kuka kwana tare ƙarƙashin fitilar titi kuna haddar tarihi da lissafi, wannan ba ya fita rai. Ƴan gari su ma sun yi nasu: uwaye nawa ne suka riƙa ƙara hannu a tukunya don abokin ɗansu baƙo ne?

Waɗanda suka yi karatu a shekarun 1990 suna da ƙarin abin da ya haɗa su. Sun ga ranar 9 ga watan Fabrairun 1990 da aka harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy ta Yamai, sun ga taron ƙasa na 1991, sun ga yajin aikin malamai da na ɗalibai da ya riƙa cinye shekara sukutum, abin da ake kira farar shekara. Ajin da za a yi shekara ɗaya sai a yi biyu. Wasu nan suka gaji suka shiga kasuwa, ba don kansu ba ya ja ba.

YADDA AKA WATSE

Ranar da aka kira sunayen waɗanda suka ci BAC ita ce ranar ƙarshe da aji yake cika. Daga nan kowa ya kama gabansa. Kafin a buɗe jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa a 2010, mai son ci gaba da karatu sai dai ya tafi Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ko ta Musulunci da ke Sayi, ko ya samu tallafin karatu ya ƙetare zuwa Aljeriya, Maroko, Senegal ko Najeriya. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, wanda ya tafi sai hutu in ya samu kuɗin mota.

Wanda ya gama jami'a ya yi shekara biyu ta bautar ƙasa, sannan ya zauna jiran aiki. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, tsadar kaya ta tashi, albashi ya riƙa yin watanni bai fito ba, ɗaukar ma'aikata ya ja baya. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka fara ɗaukar malaman sa-kai, daga baya ƴan kwantaragi, aka warwatsa su ƙauyukan da ko mota sai ranar kasuwa. Wasu suka shiga soja da jandarma da duwan. Wasu suka bi yayyensu Kano da Legas da Kwatano da Abijan, wasu suka haura Arlit da Libiya.

Sunaye ma suka canza. A lakwal an san mutum da sunansa da na ubansa kamar yadda aka rubuta a takardar haihuwa. A kasuwa kuwa ya zama Alhaji mai shinkafa ko Alhaji mai taya. Mace ta yi aure, a buro ta koma Madam wane, a unguwa ta koma Maman wance. Sai ka yi ta cigiyar mutum da sunan lakwal a layin da yake da shago, kowa ya ce maka bai san shi ba. Don haka masu neman tsofaffin abokai suka gano cewa adireshin da ba ya canzawa shi ne gidan uwa. In tsohuwa tana da rai, to an ga ɗanta.

DAGA WASIƘA ZUWA SALULA

Yaran yanzu ba za su gane wahalar da aka sha kafin a ji labarin aboki ba. Wasiƙa ake rubutawa, a sa lambar akwatin gidan waya na wata ma'aikata ko na wani babban ɗan kasuwa, ta yi makonni a hanya. Mai gaggawa sai ya je tasha ya ba direba ko yaron mota, a haɗa da ɗan kuɗin goro. Wayar tangaraho sai buro da gidajen manya, daga baya aka samu telesantar inda kake magana idonka na kan mita.

Rediyo ya yi nasa aikin. Filin gaisuwa na Muryar Sahel, da na gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Anfani da suka fara buɗewa daga tsakiyar shekarun 1990, sun haɗa mutane da yawa da suka ɓace wa juna. Mu da ke gaban makirfo har yau muna karɓar irin wannan cigiya: mutum ya kira ya ce yana neman wanda suka yi terminal tare a shekara kaza, ɗan asalin gari kaza, in yana saurare ko wani ya san shi a taimaka. Sau da yawa kafin a rufe filin wani ya bugo ya ce ai ga shi can yana sayar da kayan gini a Ƙonni. Wani lokaci kuma amsar da ke zuwa ita ce Allah ya yi masa rasuwa shekara biyar da suka wuce, mai cigiya bai taɓa ji ba.

Salula ta fara yaɗuwa ne bayan zuwan Celtel a 2001, wadda ta koma Zain a 2008, sannan Airtel a 2010. Orange ta shigo a 2008 kafin ta koma Zamani. Facebook ya taimaka wa masu iya rubutu suka riƙa gano juna ta hoto. Amma abin da ya buɗe ƙofa ga kowa shi ne WhatsApp da saƙon murya. Wadda ta bar lakwal tun aji uku na koleji, Faransancinta ya gudu, yanzu sai ta danna ta yi maganarta da Hausa ko Zabarmanci tana cikin auna wa mai saye shinkafa. Mutum ɗaya ya buɗe gurup, wannan ya kawo lambar wancan, cikin wata guda an tattaro mutanen da suka yi shekara 25 ba su ji muryar juna ba.

Makon farko daɗi kamar me. A fito da tsofaffin hotuna, a tuna mushen lissafi mai bulala, a tuna mai sayar da awara ta bakin ƙofa. Bayan wata uku sai gurup ya koma wurin barka da Juma'a da hotunan furanni. Haɗuwa ta yi sauƙi yanzu. Riƙon zumuncin ne ke da wuya, kuma abubuwan da ke warware shi sanannu ne.

ƊAN KASUWA DA ƊAN BURO

Na farko shi ne kunya. Wanda bai ci BAC ba, ko wanda ya tsaya a BEPC, sau da yawa yana ganin taron na masu digiri ne. In ya shiga gurup ya tarar ana ta zuba Faransanci, ana kiran juna dokta da darakta, sai ya ja bakinsa ya yi shiru, daga baya ya sulale. Laifin na ɓangare biyu ne. Masu shirya taro su sani aji ɗaya aka yi, ba digiri ɗaya ba, don haka duk wanda ya taɓa zama kan bencin nan ɗan promo ne ko da a segond ya tsaya. Magana kuma a yi ta da harshen da kowa ke ji. Tun 2025 ma dokar ƙasa ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma na aiki, balle a taron abokai.

Kai kuma ɗan kasuwa, me za ka ji wa kunya? Hausawa sun ce duniya rawar ƴan mata ce, na gaba ya koma baya. Wanda ya riƙa zuwa na ɗaya a aji yana nan yana jiran ƙarshen wata, kai da aka kora saboda lissafi yau kai ke lissafin tirela. Kowa ya san ajin da in an tashi karo-karo, hannun da ya fi nauyi daga babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ko Katako yake fitowa. Wannan ba abin gori ba ne ga kowa. Allah ne ya raba arziki, kuma kowane ɓangare na da abin da ɗayan ke bukata.

Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin darajar labari. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da lokacin takunkumin 2023 da hanyar Kwatano ta toshe kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina, wanda ke da amintaccen mutum a Gaya ko Lome ko Kano ya riga kowa sanin halin da hanya take ciki. Abokin lakwal da ke aikin likita zai gaya maka wane likitan ya kamata ka kai tsohuwarka, ya hana ka yawon ɓarnar kuɗi. Wanda ke koyarwa zai duba maka sakamakon ɗanka ya gaya maka gaskiya. Shi kuma ma'aikacin da ritaya ta matso, wa zai nuna masa sana'ar da ba za ta cinye ɗan abin da ya tara ba in ba kai ba?

Amma akwai iyaka, kuma nan ne zumunci ya fi ɓaci. Kukan ƴan kasuwa shi ne bashi. Abokin aji ya zo ya ɗauki buhun shinkafa ko turmin atamfa, ya ce sai an yi albashi. Kunya ta hana ka rubutawa, kunya ta hana ka tambaya, shi kuma ya daina bin layin shagonka. An yi asarar kaya an yi asarar aboki. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma addini ma ya yi umurni a rubuta shi. Ka buɗe littafi a gabansa ka sa kwanan wata kamar yadda kake yi wa kowa. Wanda ya ji haushin haka dama ba shi da niyyar biya.

Kukan ma'aikata kuma shi ne ba a kiransu sai da bukata: a sako kaya a duwan, a samar wa yaro gurbi, a sa baki a wata shari'a. Ƴan boko na da sunan da suke kiran wannan, PAC, wato dangi da abokai da sanayya. Aboki ya nuna maka ƙofar da za ka bi da takardun da za ka kai, wannan taimako ne. Ka matsa masa ya taka doka saboda kun ci garin rogo tare, ranar da aka kore shi daga aiki ba kai za ka ciyar da ƴaƴansa ba.

ƁANGAREN MATA

Mata su ne suka fi ɓacewa, su ne kuma suka fi wuyar dawowa. Da yawa ba su kai terminal ba, aure ya ɗauke su tun daga koleji, abin da ya sa har gwamnati ta fitar da doka a watan Disamban 2017 don kare karatun ƴaƴa mata. Wadda aka kai wani gari ta shiga hidimar miji da yara da ƴar sana'arta, ƙawayen lakwal sai dai a mafarki.

In an gano ta ma akwai maganar maigida. Ba kowane namiji ke son ganin matarsa cikin gurup ɗaya da mazan da suka san ta tun tana budurwa ba, kuma kada mu yaudari kanmu, wani lokaci yana da hujja. Akwai masu fakewa da zumunci su tono tsohuwar soyayya, su ɗauki lambar matar aure daga gurup su riƙa kiranta cikin dare. Gidaje sun girgiza a kan haka. Ajin da ke son matansa su zauna sai ya sa doka mai ƙarfi: taro da rana a wuri bayyananne, a gayyaci mazan aure da matan aure su zo a san juna, kuma duk wanda aka kawo ƙararsa kan damun matar wani a fitar da shi ba tare da jan magana ba.

Wasu matan sun zaɓi su yi nasu reshe daban, suna haɗuwa gida-gida kamar yadda ake foyandi a Yamai, a ci a sha a yi zubi. Wannan ya fi ɗorewa, domin mata dama sun riga maza iya biki da ramuwa. Abu ɗaya ne za a kiyaye: anko. In kowane taro sai an fitar da sabon zane mai tsada, to an kori mai sayar da ƙosai da wadda mijinta ya rasu ba tare da an ce mata tafi ba. Ta zo da abin da ke jikinta ya fi a ce ba ta zo ba.

MAGANAR ASUSU

Duk ajin da ya daɗe tare sai ya kai ga kafa asusu, kuma nan ne ake gane ko zumuncin na gaske ne. Lissafin mai sauƙi ne. Mutum 40 in kowa na zuba jika ɗaya a wata, jika 40 ke nan, a shekara jika 480. Wannan kuɗi na iya biyan aikin tiyata, ko ya mayar da marayu lakwal, ko ya tayar da wadda gobara ta cinye wa rumfa. Amma kuɗin nan ne kuma ke raba mutanen da suka yi shekara 30 ba su taɓa faɗa ba.

Matan kasuwa da suka saba da adashe sun san dokokin, sai dai a tuna wa ƴan buro. Zubi ya zama daidai ƙarfin mafi rauni, mai hali ya ƙara a matsayin kyauta. A yanke tun kafin wani abu ya faru nawa za a bayar in rasuwa ce, nawa in rashin lafiya ne, nawa in gobara ce ko ambaliya, don kada a ce an fifita wane a kan wane. Kada kuɗi su zauna hannun mutum ɗaya shi ke karɓa shi ke fitarwa: mai ajiya daban, mai rubutu daban, kuma kowane wata a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita. Wanda ke nesa in ya aiko ta Nita ko Amana ko Al Izza, a sa hoton rasiɗi kowa ya gani. Kuɗin taimako kuma ba jari ba ne. Masu son juya kuɗi su kafa adashensu daban.

In asusu ya yi nauyi, gara a mayar da abin ƙungiya mai takarda. Tun 1984 akwai dokar da ta tsara kafa ƙungiyoyi a Nijar: a rubuta dokokin ƙungiya, a zaɓi shugabanni, a kai takardu hukuma don samun izinin ma'aikatar cikin gida. Da wannan takarda ake buɗe ajiya a banki da sunan ƙungiya, da sa hannun mutum biyu. Wajen zaɓen mai ajiya kuwa kada a dubi digiri. Uwar adashen da ta yi shekara 15 tana riƙe kuɗin mata ko dala ba ta ɓata ba, ta fi cancanta.

ABIN DA KE KASHE GURUP

Siyasa ce kan gaba. Mutanen da suka raba loma ɗaya sai ka ji suna zagin juna saboda wasu manya da ba su san da zamansu ba. Sai gardamar addini, sai tura duk abin da aka gani ba tare da bincike ba. Mai karatu ya sani, dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka sake tsaurarawa a watan Yunin 2024, ta tanadi ɗauri ga mai zagi ko ɓata suna ko yaɗa abin da zai tayar da hankalin jama'a ta waya. Saƙon da ka tura cikin gurup na abokai, minti ɗaya ya isa ya fita waje da sunanka a kai.

Sai ƴan damfara. Wani zai kira ka ya ce shi ɗan ajinku ne, ana shirya taro, ka karanto masa lambobi shida da suka shigo maka yanzu. Da ka ba shi ya ƙwace WhatsApp ɗinka, ya shiga roƙon kuɗi da sunanka wurin duk wanda ya san ka. Waɗannan lambobi ba a ba kowa su. Kuma duk saƙon da ya ce wane na kwance likita a aiko da gaggawa, a kira shi ko iyalinsa a ji murya kafin a fitar da ko tamma.

MALAMAI DA MARAYU

Akwai mutum biyu da bai kamata taron ƴan aji ya manta da su ba. Na farko tsohon malami. Mushen da ya koya maka rubuta sunanka yana nan cikin wata unguwa, ido ya yi rauni, fansho ba ya kai shi ƙarshen wata. Buhun hatsi da turmin shadda da ziyarar mutum goma da za su durƙusa su gaishe shi, zai riƙa ba da labarinsu har ƙarshen ransa. Na biyu iyalin wanda ya riga mu. Ranar rasuwa gurup kan cika da addu'a, bayan sadakar bakwai shiru. Ajin kirki shi ne wanda ke da sunayen marayunsa a rubuce, ya san ajin da kowane yake, ya tuna da su ranar komawa lakwal da ranar salla.

Ita ma makarantar tana da hakki. Ba mu manta da gobarar azuzuwan zana ba, wadda ta ci yara kimanin 20 a Yamai a watan Afrilun 2021, da wadda ta ci fiye da 20 a Maraɗi a watan Nuwamban 2021. A 2024 ambaliya ta sa sai ƙarshen watan Oktoba aka koma lakwal. Gina aji aikin gwamnati ne, amma promo ɗaya na iya gyara benci, ta sa famfo, ta gina makewayin ƴan mata. Mai sayar da siminti da mai sayar da kwano da tela duk suna cikin ajin, in an neme su.

ZUMUNTA A ƘAFA TAKE

Waya ta gano mana inda kowa yake, sauran aiki na ƙafa ne. Alhaji, in fatauci ya kai ka Tawa ko Damagaram, ka rage awa ɗaya ka leƙa abokin da aka yi wa canjin aiki can, ko shayi ku sha. Hajiya, in kin je sarin kaya Yamai, ki nemi ƙawar nan da kuka riƙa raba fura, ki ga ɗakinta ta ga fuskarki. Wanda aka lura ya yi shiru cikin gurup a aika mutum biyu gidansa, domin sau da yawa mai shiru shi ne wanda ciwo ko karayar jari ta kwantar, kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba.

Ku kuma masu shirya taron bana, kafin ku kafa rumfa ku ɗauki tsohuwar takardar sunayen aji ku bi ta ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya rasu a yi masa addu'a a nemi ƴaƴansa. Wanda ke kasuwa a je har rumfarsa a gayyace shi baki da baki, a kuma sa taron ranar da ba ta kasuwa ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya saka wa malamanmu da alheri, ya bar zumunci.